Ba Iska Kaɗai Ke Jefa Garwa Cikin Duhu Ba

Duk wanda ya taɓa yin damina a Garwa ya san irin sallamar da take yi. Ana tsakiyar zafin Afrilu ko farkon Mayu, mutane na kwana a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa, sai wata la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Iska ta ɗauke cak na ɗan lokaci, ko ganye ba ya motsi. Can sai ƙura ta turnuƙe ja wur, har ta haɗiye gadar Binuwai. Masu tebur a bakin titi su hau tattara kaya, masu babur su bazama neman rumfa, mata su yi ta kwashe shanya suna ƙwala wa yara kira. Sau da yawa kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, wuta ta riga ta tafi.

Sai gari ya waye ake ganin aika-aikar. Kwanon rufin wani ya naɗe a jikin bishiyar maƙwabcinsa. Reshen darbejiya ya faɗo kan waya ya tsinka ta. Turken wuta ya karye daga gindi, ya kwanta a tsakiyar lungu da wayoyinsa a warwatse, yara 'yan makaranta suna tsallakewa. Wani aji ya wayi gari ba rufi, ga jarrabawar ƙarshen shekara ta ƙarato. Maƙwabta su taru a yi jaje, a ce ikon Allah ne, Allah ya mayar da alheri. Babu musu a kan haka, iska ta Allah ce, kuma ba mahalukin da ya isa ya tare ta. Amma turken da gara ta cinye cikinsa tun shekaru uku da suka wuce, wannan aikin mutum ne. Reshen da ya yi wata da watanni yana gogar waya ba a sare shi ba, shi ma haka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ra'ayina shi ne mafi yawan duhun da ke biyo bayan guguwar farkon damina a arewacin Kamaru tun cikin rani aka shuka shi.

Abin da ya sa na faɗi haka shi ne wannan iska ba baƙuwa ba ce. Tana da lokacinta kamar yadda hunturu yake da nasa. A ƙarshen rani ƙasa ta gasu, zafi a kwarin Binuwai ya wuce digiri 40, sai danshin da ke tasowa daga kudu ya ci karo da busasshiyar iskar arewa. Hadarin da ke haɗuwa a irin wannan yanayi yakan taho daga gabas a jere, yana tura iska mai ƙarfi a gabansa. Shi ya sa ƙura ke riga ruwa zuwa, shi ya sa kuma hadarin farko ya fi na Agusta ɓarna ga rufi da waya, ko da ruwansa bai taka kara ya karya ba. Manomi ya san haka, magini ya sani, injiniyan lantarki ma ya sani. Abin da ke zuwa kowace shekara a lokaci guda bai cancanci a kira shi ba-zata ba.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne guguwar tana zuwa daidai lokacin da wutar yankin take kan gargara. Jihohi uku na arewa, wato Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan Kamaru suke, suna kan layin wuta nasu na daban, wanda ba a haɗe yake da na Yawunde da Duwala ba. Ƙashin bayan wannan layi shi ne dam ɗin Lagdo, mai nisan kimanin kilomita 50 daga Garwa, wanda 'yan China suka gina tsakanin 1977 da 1982, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Injuna huɗu gare shi, jimillar ƙarfinsu megawat 72. A wancan zamani wannan ya ishi yankin har ya yi saura. Yau fiye da shekara arba'in ke nan, Garwa da Marwa da Ngaundere sun ninninka, ga masana'antar auduga ta Sodecoton, ga masaƙar Cicam, ga kamfanin siminti na Figil, amma injunan nan huɗu ne dai. Yashi da laka kuma na ta taruwa a gindin tafkin, suna rage ruwan da yake iya riƙewa. To watannin Maris zuwa Yuni su ne lokacin da tafkin ya fi ja baya, su ne kuma lokacin da kowane gida ke buƙatar fanka da firji. Hadarin farko ba ya cika dam, domin busasshiyar ƙasa ce ke shanye shi, sai damina ta nutsa sannan kogi ya kawo. Saboda haka mutum zai ga an yi ruwa jiya, amma rabon wuta unguwa-unguwa na nan daram, ga kuma wayoyin da iska ta tsinka a kai.

Shekarar 2021 ta nuna wa kowa iyakar dogaro da Lagdo. Daminar da ta gabace ta ba ta cika tafkin ba, wutar da dam ɗin ke bayarwa ta faɗi ƙasa da rabin ƙarfinsa, aka shiga rabon wuta mai tsanani a jihohin uku. Sai da aka kwance injuna masu shan man gas daga tashar Ahala da ke Yawunde aka kawo su Jambutu a Garwa da kuma Ngaundere, ga gasar cin kofin Afirka ta Janairun 2022 na tafe, kuma filin wasa na Rumde Ajiya na cikin masu masaukin baƙi. Masu kallon ƙwallo na Najeriya ba su manta ba, a filin nan Super Eagles suka doke Masar da ci ɗaya da nema. Hukuma ta nuna a lokacin cewa in ta ga dama tana iya ɗauko tashar wuta sukutum daga kudu ta dasa a arewa cikin 'yan watanni. Irin wannan himma ake nema a ga an yi wa talakan unguwannin Yelwa da Lainde da Pumpumre, ko da babu baƙi a gari.

Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa, waɗanda kamfanin Scatec na ƙasar Norway ya kafa aka ƙaddamar a 2023, sun kawo megawat 36 tare da batura na ajiya, kuma sun rage wahala da rana ƙwarai, domin suna ba Lagdo damar adana ruwansa zuwa dare. A kudu an kammala dam ɗin Nachtigal a kan kogin Sanaga, mai megawat 420, kusan ninki shida na Lagdo. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 385 don aikin da zai haɗa layin kudu da na arewa, ya zarce har Cadi. Ranar da wannan layi ya kama aiki za a yi murna, kuma murnar ta dace. Dam ɗin Bini a Warak da ke kusa da Ngaundere, mai megawat 75, shi kam ya daɗe yana jan ƙafa.

Sai dai duk wannan magana ce ta samar da wuta. Ita ce ministoci ke son yi, domin tana da bikin aza harsashi da yanke ƙyalle. Guguwa kuwa ba ruwanta da yawan megawat. Ko da an kawo wutar Nachtigal gaba ɗayanta an ajiye a bakin Garwa, turke ɗaya ruɓaɓɓe a mashigar unguwa ya isa ya hana gidaje ɗari ganin ta. Kilomitar ƙarshe, daga taransifoma zuwa mitar gida, nan ne talaka ke haɗuwa da lantarki, nan ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Mafi yawan turakun da ke ɗauke da wayoyin unguwanni da ƙauyuka a Kamaru na katako ne, itacen turare da ake sarowa a tsaunukan yamma, a jiƙa shi da magani a Bafusam, sannan a loda a mota zuwa arewa. Turken da aka yi wa magani da kyau yakan daɗe. Amma ƙasar Garwa ƙasar gara ce, ga gobarar daji da kaka, ga danshin da ke cin gindi da damina. Kamfanin Eneo da kansa ya sha bayyana cewa ruɓaɓɓun turaku na cikin manyan dalilan katsewar wuta, ya kuma ce rikicin yankin masu magana da Ingilishi, wanda ya ɓarke tun 2016, ya kawo cikas ga samun katakon daga Arewa maso Yamma. An fara maye gurbin wasu da na kankare da na ƙarfe, ana ganinsu a manyan tituna. Shiga lungu ka duba. Za ka tarar da turken da ya karkace har mutanen unguwa sun tokare shi da wani itace, ko wanda aka ɗaure da igiya a jikin katanga. Irin wannan ba ya buƙatar wata gagarumar guguwa. A manyan layuka ma haka abin yake ta wata fuska: dogon layi guda ne ke kai wuta daga Garwa zuwa Marwa, tafiyar kimanin kilomita 200, in ya sami matsala a hanya jiha guda ce ke shiga duhu.

Su wa ke da alhakin gyara? Kamfanin gwamnati na Sonel ne da, aka sayar wa AES na Amurka a 2001, Actis na Ingila ya karɓa a 2014 aka raɗa masa suna Eneo, sannan aka ƙirƙiro Sonatrel a 2015 aka ba shi manyan layuka, ga kuma hukumar Arsel mai sa ido. Hannaye sun yi yawa, kuma kowa na da wanda zai nuna da yatsa. Mai gidan da waya ta faɗo a ƙofarsa bai damu da wanda ya mallaki kamfani ba. So yake ya san lambar da zai kira a ɗauka, da ranar da za a zo.

Kafin a zo ɗin kuwa, jama'a ke ɗaukar nauyin da kansu, kuma nauyin ba daidai yake sauka a kan kowa ba. Mai hali ya tada janareta ko ya koma kan sola da batir, har ya manta an ɗauke. A duba matar da ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ruwan sanyi a gida. Jarinta gaba ɗaya yana cikin firiza ɗaya. Ranar farko ba ta buɗe shi, ta lulluɓe shi da bargo da buhu don sanyin ya daɗe. Rana ta biyu ƙanƙarar ta fara narkewa, ta karyar da farashi ta sayar. Rana ta uku zoɓon ya yi tsami, sai zubarwa, ga adashi na jiran zubi. A shekarun 2022 zuwa 2025 azumi ya yi ta faɗowa cikin Maris da Afrilu, lokacin da kasuwar ƙanƙara ta fi ci, lokacin kuma da wutar ta fi wuya. Mai kifin da ya sari na Lagdo ɗanye ba shi da zaɓi sai ya banda shi ya sayar a kan abin da ya samu. Mai walda da tela da mai aski su zauna a bakin shago suna kallon titi, ko su sayi fetur su ƙara wa mai kawo aiki kuɗi. Mata su ɗauki hatsi su yi ta yawon neman injin niƙa mai amfani da man gas.

Daga nan sai ruwa ya bi sahu, domin da wuta ake tura ruwan famfo, da ita kuma injin rijiyar burtsatse ke aiki. In duhun ya kwana biyu, 'yan garuwa su tsawwala, masu ƙaramin ƙarfi su koma rijiya ko kogi, a daidai lokacin da ruwan farko ya wanke dattin gari ya zuba a ciki. Wanda ya san tarihin kwalara a arewacin Kamaru ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Waya ta mutu ba caji, ga shi kuɗin mutane da yawa yanzu a cikin waya suke, a Orange Money ko MoMo. Ƙaramin asibiti a ƙauye yana da allurar rigakafi da ke buƙatar sanyi, yana da mai naƙuda da za ta zo cikin dare. Babu wanda ke tattara lissafin wannan asara, shi ya sa ba ta shiga kasafin kowa.

Wani zai ce ai ko ƙasashen da suka ci gaba iska na kayar musu da waya. Haka ne, kuma misalinsu ya cancanci a duba. A ranar 29 ga Oktoban 2011 dusar ƙanƙara ta sauka a arewa maso gabashin Amurka tun kafin lokacinta, bishiyoyi ba su gama zubar da ganye ba. Nauyinta ya kakkarya rassa a kan wayoyi, gidaje da shaguna fiye da miliyan 3 suka rasa wuta. A jihar Connecticut kaɗai sun haura 800,000, wasu sai da suka yi fiye da mako guda a duhu cikin sanyi. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. Gwamnan jihar ya sa aka yi bincike, shugaban babban kamfanin wutar jihar ya ajiye aiki a watan Nuwamba, majalisa ta yi doka a 2012 da ta ba hukuma ikon gindaya wa kamfanoni ƙa'idar shiri da gyara tare da tara ga wanda ya gaza, aka kuma ƙara kuɗin sassabe rassa daga kan layi. Su da abin ya zo musu ba-zata ke nan. Mu da tamu iskar ke zuwa duk shekara a kan lokaci, ya kamata a ce mun riga su.

Abin da ake buƙata ba ya neman rancen Bankin Duniya. Tun daga Janairu zuwa Maris a bi layuka turke-turke, a ƙwanƙwasa, a yi wa ruɓaɓɓu alama a canza su. A tanadi turaku da waya da taransifoma a rumbunan Garwa da Marwa da Gidar kafin damina, kada sai an yi ɓarna a fara jiran mota daga Duwala, tafiyar da ta wuce kilomita 1,000. A ƙara ma'aikatan gyara na wucin gadi a watannin nan uku. A ware layukan asibitoci da tashoshin tura ruwa a fara da su, a kuma sa musu sola da batir nasu na kansu. Sannan a riƙa faɗa wa mutane gaskiya ta rediyo da saƙon waya, da Fulatanci da Hausa da Faransanci: unguwa kaza, turke kaza ya faɗi, sai jibi. Mai ƙanƙarar nan in ta san sai jibi, za ta san dabarar da za ta yi tun yau. Rashin sani ya fi duhun cin rai.

Batun bishiyoyi yana buƙatar hankali. Darbejiyar da ke inuwantar da titunan Garwa da Marwa gado ce, da yawanta an dasa ta ne tun shirin Sahel Vert na shekarun 1970, kuma garin da zafinsa ya kai na Garwa ba ya wasa da inuwa. Bishiyoyin nan su ne ma ke rage wa iska ƙarfi kafin ta kai ga rufi. Don haka kada a fake da kare waya a kwashe su daga tushe. Sassabe ake nema, na masu sani, a kan lokaci, tsakanin hukumar birni da kamfanin wuta da ma'aikatar gandun daji. Sabon dashe kuma a nisanta shi da ƙarƙashin layi.

Mu ma jama'a da namu laifin, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Iska ba ta tura rufi ƙasa, ɗaga shi take yi sama, ta shiga ta bakin kwano ta finciko shi. Rufin da aka ɗora katakonsa a kan bango kawai, aka danne da 'yan duwatsu da tsohuwar taya, jiran ranarsa yake. Ɗaure katakon da ƙarfe a jikin linta, ƙara ƙusa a gefe-gefe da kusurwa, rage tsawon bakin kwanon da ya leƙo waje, duk ba su kai kuɗin sabon rufi ba. 'Yan kwangilar da ke gina azuzuwa da kuɗin gwamnati suna tauye katako da ƙusa, su da masu sa hannu su karɓi aikin, alhakin yaran da ke karatu a rana yana wuyansu. Kwanon da ya tashi ma shi ke zuwa ya yanke waya, wani lokaci ya yanki mutum. Haka masu jan wuta ta ɓarauniyar hanya da siririyar waya a kan gora, da masu gina shago a ƙarƙashin babban layi, da ɓarayin da ke bin dare bayan guguwa suna kwashe wayar da ta faɗi, su mayar da gyaran kwana ɗaya na mako biyu.

Akwai kuma abubuwan da ke kashe mutane bayan iska ta lafa, waɗanda ya kamata limamai su riƙa tunatarwa a huɗuba kafin damina. Wayar da ke kwance a ƙasa a ɗauka tana da wuta, ko da unguwa duk duhu ce, domin ana iya maido da ita ba sanarwa, kuma ruwan da ta faɗa ciki shi ma yana ja. Janareta ba ya kwana a ɗaki ko a rufaffen zaure saboda tsoron ɓarawo ko ruwa. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe iyali guda suna barci. Mai janareta kuma ya raba layin gidansa da na kamfani kafin ya tayar, in ba haka ba wutarsa na iya komawa kan waya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara. Kyandir kusa da gidan sauro gobara ce, fitilar sola ta fi shi sauƙi a ƙarshe. A zare firji da talabijin daga soket har wutar ta dawo ta daidaita. Nama da kifin da suka kwana a firjin da ya huce, a zafin Garwa, kada a yi musu ƙyashin zubarwa.

Ina kira ga masu unguwanni da jaurawa da lawanai, da limamai da shugabannin matasa, daga Garwa har Pitowa da Gidar da Figil: kada ku jira hadari ya haɗu. Cikin watan Fabrairu ku zaga unguwa da ƙafa, ku ƙirga turakun da suka karkace da rassan da ke kan waya, ku ɗauki hoto, ku rubuta takarda da sa hannun jama'a, ku kai ofishin kamfanin wuta da na magajin gari, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, ku ajiye kwafi. In turken ya faɗi a watan Mayu, ku fito da takardar ku kai wa Arsel da gidajen rediyo.